Eskabeta tana mutuwa a tsakiyar aiki, an ce kwamfutar inji ce: in saya ko in dakata?

Alhaji Issaka, Aboabo

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'a da ke wannan zaure. Ina neman shawararku a kan matsalar da ta hana ni barci kusan mako biyu ke nan. Ina da eskabeta ƙirar Caterpillar 320D wadda na sayo ta hannu a Tema shekara huɗu da suka wuce, yanzu kuma tana aiki a wani wurin fasa dutse a yankin Buoho, kusa da Kumasi. Da safe tana tashi ba gardama, ta yi aiki kamar awa ɗaya, sai allon da ke gaban direba ya fara ƙara, ƙarfin injin ya ragu, wani lokaci ma ta mutu ɗungurungum da bokiti a sama. In an bar ta ta huta aka sake murɗa makulli, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Direban ya lura abin ya fi yawa idan tana takawa a kan duwatsu, kuma ya tsananta tun da ruwan watan Yuni ya kankama. An canza matatun dizal, an wanke tanki, an sa sabuwar sensar matsin baƙin mai, amma jiya i yau. Mai gyaran da ya duba ta ya ce kwamfutar injin ce ta lalace, wato abin da muke kira kwantirol bod a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, har ya samo mini wata ta hannu a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran motoci ta Accra, a kan kuɗin da ya kai albashin ma'aikatana na wata uku. Mai ita kuma ya ce in an fita da ita daga shago ba a mayarwa. Kafin in tura kuɗin nake so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sani.

Masta Awudu, Suame Magazin

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi. Roƙona na farko shi ne kada ka tura ko sidi ɗaya tukuna. Na shafe sama da shekara ashirin ina aikin wutar manyan injuna a nan Magazin, kuma kwamfutocin da aka kawo mini da sunan sun mutu, mafi yawansu da ransu. An ɗora musu laifin waya ne, ko na soket, ko na batir. Dalilin kuwa a fili yake: kwamfuta akwati ce rufaffiya da ba a ganin cikinta, saboda haka duk wanda ya rasa bakin zaren matsala sai ya nuna ta da yatsa, don ya san mai inji ba shi da hujjar musantawa.

Ka tambayi wanda ya duba ta abu biyu. Waɗanne lambobin matsala ya karanto, ko ta allon direba ko da laftof mai Cat ET, wato manhajar binciken injunan Caterpillar? Sannan wane gwaji ya yi har ya yanke wa kwamfutar hukunci? Lambobin nan kashi biyu ne, akwai waɗanda ke ci a lokacin da ake kallo, akwai kuma waɗanda kwamfutar ta ajiye a tarihinta, tare da yawan lokutan da kowace ta faru da awar injin da ta fara da wadda ta faru ta ƙarshe. A ciwon da ke zuwa ya tafi irin wannan, ajiyayyun su ne shaidunmu, don haka kada a bari kowa ya goge su kafin a kwafe su a takarda.

Alhaji Issaka, Aboabo

Na gode, Masta. Na kira shi, ya turo mini hoton abin da ya karanto. Akwai 262-4 wadda ta faru sau da yawa, akwai 168-2, sai kuma lambobin sensar matsin baƙin mai da ta matsin dizal, wato 100 da 1797. Da na tambaye shi gwajin da ya yi, sai ya ce tunda sensoshi da dama suna kuka a lokaci guda, kuma an sa sabuwa ba ta daina ba, to babu sauran wanda ake zargi sai kwamfutar. Ni dai maganarsa ta shiga kunnena, shi ya sa na kusa amincewa.

Seidu, Nima

Da izinin manya, ni a ganina kada a yi saurin watsar da maganar mai gyaran nan. Kayan manyan injuna nake sayarwa a Accra, kuma na sha ganin kwamfutar da ke aiki lafiya da sanyin safiya, da zarar ta ɗauki zafi sai ta rikice, saboda darmar da ke riƙe da ƙananan kayan cikinta ta tsattsage da tsufa da jijjiga. Injin da ya yi shekarunsa a Turai kafin ya sauka Tema, ya zo ya ƙara wasu a cikin ƙura da zafin rana, ba abin mamaki ba ne kwamfutarsa ta gaji. Alamar da Alhaji ya bayar, cewa sai an yi awa ɗaya ake ganin matsalar, ta yi daidai da wannan. A kuma tuna cewa kowace rana da eskabeta ta kwana ba aiki asara ce, ga kuɗin direba, ga mai wurin yana jira. Wani lokaci neman sauƙi shi ke jawo tsada, mutum ya ɓata wata guda yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya dawo ya sayi abin da aka faɗa masa tun farko.

Malam Fuseini, Obuasi

Yaya Seidu, ban musanta cewa kwamfuta tana mutuwa ba, kuma tsagewar darma gaskiya ce. Sai dai lambobin da Alhaji ya kawo suna faɗin wani abu takamaimai, ya kamata mu saurare su kafin mu saurari zato.

A tsarin Caterpillar, lambar farko tana nuna sashen da ake magana a kai, ta biyu kuma tana nuna irin ciwon. Lamba 262 ita ce wutar volt 5 da kwamfuta ke aika wa sensoshi, 4 kuwa tana nufin wutar ta faɗi ƙasa da yadda ya kamata, ko kuma wayar ta taɓa ƙarfen jikin inji. Da 3 ce, da sai mu ce wutar ta haura. To, sensoshin matsi ba kowace ke da tata wutar daban ba, daga tushe ɗaya suke sha, kamar gidajen da ke kan bututun famfo ɗaya. Idan bututun ya fashe a wuri guda, duk gidajen za su rasa ruwa tare, ba kuwa don famfunansu sun lalace ba, ba kuma lallai ne laifin gidan ruwa ba. Saboda haka kukan sensoshi da yawa a lokaci guda, wanda mai gyaran ya ɗauka hujja ce a kan kwamfuta, ni a wurina ya fi zama hujja a kan wayar da suka yi tarayya a kanta, ko a kan sensa guda da ta ƙone ta ciki take janye wutar sauran. Kuma da zarar kwamfuta ta daina samun sahihin labarin matsin dizal, dole ta rage ƙarfin inji, domin ba za ta ci gaba da ba injektoci, masu fesa dizal cikin inji, umarni a makance ba.

Yadda muke rarrabewa a wurin aikinmu shi ne, a buɗe makulli ba tare da an ta da inji ba, a sa mita a kan wayar volt 5 a soket ɗin ɗaya daga cikin sensoshin, sannan wani ya riƙa girgiza damin wayoyin sashe-sashe, tun daga bakin kwamfuta har zuwa kowace sensa. Manhajar ET ma tana da gwajin girgiza waya, wanda ke kama faɗuwar da ta fi ƙiftawar ido sauri, wadda mita ba za ta nuna ba. Idan an kama matsalar tana ci, sai a riƙa cire sensoshin ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka cire wutar ta dawo, ita ce mai laifi. Sababbin lambobi za su fito saboda cirewar, kada su ruɗa kowa. In an cire su duka wutar ba ta dawo ba, sai a zare wayar volt 5 daga soket ɗin kwamfutar kanta, a auna a bakin kwamfuta. Aka samu volt 5 a nan, to kwamfutar ta fita daga zargi, ciwon yana cikin damin waya. Sai an auna a nan ba a samu ba ne za a fara maganar Yaya Seidu, shi ma bayan an tabbatar da cewa ita kanta kwamfutar tana samun cikakkiyar wuta. Wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ke da zanen wayoyin injin a hannunsa, ba na wata guda ba.

Masta Awudu, Suame Magazin

Malam Fuseini ya gama magana a kan 262, Allah ya ƙara basira. Ni 168-2 ce ta fi tsaya mini a rai, domin ma'anarta wutar da ke shiga kwamfutar daga batir tana yankewa tana dawowa. Injin da ke mutuwa farat ɗaya a kan duwatsu sannan ya tashi lafiya, sau da yawa kwamfutarsa ce ke rasa wuta na ɗan lokaci, ta kashe kanta. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina zargin ciwo biyu ne suka haɗu a injin nan.

Alhaji, injinka na volt 24 ne, batir biyu masu volt 12 a jere. In suna cike suna hutawa, ya kamata a ga kusan 25, in inji yana aiki kuma altaneta tana caji, a ga tsakanin 27 da 28 da ɗoriya. Amma ina gargaɗin yaranmu da ke karanta wannan: ganin 24 a kan mita ba ya nufin waya lafiya take. Wayar da ta rube ta rage siraran zare biyu za ta nuna 24 cif, tunda mita ba ta jan wuta, amma da an ɗora mata nauyi sai ta sare. Shi ya sa nake cire soket ɗin kwamfuta in haɗa ƙwan fitilar mota mai volt 24 a kan wayoyin wuta da na ƙasa, in ga ko zai haska da ƙarfi, sannan in auna abin da ke zubewa a hanya yayin da yake ci. A wayar ƙasa ba na yarda da abin da ya wuce volt 0.2. A duba makullin yanke batir, da kan batir, da fiyus da rile, da kuma inda wayar ƙasa ke ɗaure a jikin ƙarfe, domin a damina nan ne tsatsa mai kore-kore ke fara taruwa. Sannan a ja kowace waya da ke cikin soket; littafin gyaran Caterpillar ya ce kowace ta iya jure jan da ya kai kusan kilo 4.5 ba tare da ta zaro ba.

Mumuni, Asawase

Masta, ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Na ji ana cewa in laftof ya kasa magana da kwamfutar inji, to ta mutu ke nan. Na kuma ji ana maganar om 60 da ake aunawa, amma ban fahimci inda ya fito ba. Ina roƙon a yi mini bayani.

Malam Fuseini, Obuasi

Ƙanena Mumuni, tambayarka tana da amfani. Kwamfutocin da ke cikin injin zamani, ta inji da ta haidirolik da allon direba, suna zance da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, a tsarin da ake kira J1939, inda galibi za ka ga ɗaya rawaya ɗaya koriya. A kowane ƙarshen layin akwai rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 120 (om shi ne ma'aunin wannan ragewar), kuma da yake su biyun suna haɗe kafaɗa da kafaɗa, in ka yanke batir ka auna tsakanin wayoyin biyu za ka samu kusan 60. Ka samu 120, to ɗaya ta ɓace ko layin ya tsinke a wani wuri. Ka samu abin da ya kusa sifiri, to wayoyin sun haɗe da juna. A duk waɗannan halaye laftof zai iya kasa ganin kwamfutar alhali lafiyarta ƙalau, haka ma in fiyus ɗinta ne kawai ya ƙone. Ka kuma kiyaye cewa soket mai baki 9 na Caterpillar ba a jera wayoyinsa kamar na manyan motoci ba, ga shi kuma suna da nasu layin zancen daban, don haka ka duba zane kafin ka soka mita. Abu biyu kuma kada ka kuskura: taɓa wayoyin injekta inji yana aiki, domin a wasu injuna wutarsu tana haura volt 100, da kwance bututun dizal mai matsi don ganin ko mai yana zuwa, domin matsin yana wuce 1,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma yana huda fata.

Hajiya Ramatu, Madina

Sallama ga kowa. Ni ba makanikiya ba ce, amma tun rasuwar maigidana nake kula da gireda da loda da ya bari, kuma na taɓa sayen kwamfutar inji da kuɗina, don haka ina da abin faɗa wa Alhaji. Tawa ta mutu da gaske, kuma mun san abin da ya kashe ta: an yi walda a jikin giredar ba a yanke batir ba, ba a cire soket ɗin kwamfuta ba, kuma mai waldar ya maƙala wayar ƙasarsa nesa da inda yake aiki, sai wutar ta nemi hanya ta bi ta cikin wayoyin injin. Tun daga ranar ba ta sake tashi ba ko sau ɗaya, ba irin ta Alhaji da ke tashi kowace safiya ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne sayen kwamfutar rabin aiki ne. Sai an zuba mata manhajar da ta dace da wannan injin, an shigar da bayanansa, an kuma shigar da lambobin da ke jikin kowace injekta, wasu saitukan ma sai da kalmar sirri daga wakilin kamfani. Wadda aka fara kawo mini kamanninta ɗaya da tawa, amma daga wani irin inji aka ciro ta, na yi mako uku ina zirga-zirga. Alhaji, in har ta kai ga saye, a kwafe bayanan tsohuwar tun tana iya magana da laftof, a kuma gwada lambar da ke jikin kowace. Ka tambayi yaranka ma ko an yi walda a bokiti kwanan nan, ko an ta da injin da na'urar walda, ko wani ya cire kan batir inji yana aiki don gwada altaneta, domin duk waɗannan suna ƙona kwamfuta.

Seidu, Nima

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan manhaja, ni ma ina jan kunnen masu saye a kan haka. Na kuma karɓi bayanin Malam Fuseini a kan 262. Abin da zan ƙara shi ne, in gwajin ya kai ga kwamfuta, a nemi aron wata a gwada maimakon saye kai tsaye. Idan matsalar ta tafi da ta aro, a sake mayar da tsohuwar a ga ko za ta dawo, domin cirewa da mayar da soket kaɗai yana goge dattin bakin waya, mutum ya zaci sabuwar ce ta yi magani. Sai ciwon ya bi tsohuwar ya dawo ne hukuncin ya tabbata. Amma har yanzu ina nan a kan cewa zafi yana da hannu a lamarin nan.

Alhaji Issaka, Aboabo

'Yan uwa, na dawo da labari, kuma gani ya kori ji. Shekaranjiya Masta Awudu ya turo babban yaronsa da mita da zanen wayoyi, muka tafi Buoho tare da mai gyaran da ya fara duba ta, domin na fi son a yi komai a gabansa. Na tambayi yarana maganar walda kamar yadda Hajiya ta ce, suka tabbatar mini ba a yi ba.

An fara da wuta. Batir lafiya, altaneta tana caji, amma da aka haɗa ƙwan fitila sai ya haska dishi-dishi, mita kuma ta nuna sama da volt ɗaya yana zubewa a wayar ƙasa. Da aka kwance inda take ɗaure, sai ga tsatsa ta cinye ƙarƙashin, kusoshin ma da hannu ake juya shi. Aka kankare, aka ɗaure, fitila ta haska sosai. Daga nan aka koma kan volt 5. Sun kusa awa biyu suna girgiza waya ba abin da ya motsa, har na fara karaya, sai da yaron ya sa hannu bayan inji ya ɗaga damin wayoyin da ke bi ta kusa da bututun dizal, nan take mita ta faɗi ƙasa. Ashe maƙalin da ke riƙe damin ya ɓace, ina kyautata zaton tun lokacin da aka yi aikin injektoci bara ba a mayar da shi ba, damin ya kwanta a kan gefen wani ƙarfe yana gogawa har rigar waya biyu ta cinye, jan ƙarfen ya fito fili. An yanke wurin, an haɗa da darma, an rufe da robar da ke tsukewa da zafi, an sa sabon maƙali. Jiya ta yi awa tara tana loda dutse, yau ma tana kan aiki, allon bai yi ƙara ba.

Mai gyaran nan ya karɓi abin da zuciya ɗaya, har ya roƙi a ba shi kwafin zanen. Na kira mutumin Abossey Okai na ba shi haƙuri. Seidu, ina ga maganarka ta zafi ba ta faɗi ƙasa ba, domin yaron Masta ya ce in wurin ya yi zafi rigar waya tana laushi, sai ta ƙara kwanciya a kan ƙarfen. Allah ya saka wa kowannenku da alheri.

Masta Awudu, Suame Magazin

Alhamdu lillahi, Alhaji. Sai dai kwana biyu bai isa mu ce an gama ba. Yaron ya gaya mini ya kwafe tsofaffin lambobin sannan ya goge su, don haka duk abin da ya sake fitowa yanzu sabo ne. A bar ta ta yi kamar awa 50 tana aiki, musamman a samu ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a ciki, sannan a sake karantawa. In 168 ta dawo, makullin yanke batir zan fara buɗewa, domin ya ce ya ga alamar damshi a bakinsa, sannan in juya mita zuwa ma'aunin wuta mai kai da komowa in auna a bayan altaneta, in ya haura rabin volt mu san diyod ɗinta, wato abin da ke daidaita wutarta ta bi hanya ɗaya, ya fara lalacewa. Ka kuma hana masu wanki harba ruwan matsi kai tsaye a kan soket ɗin kwamfuta da na sensoshi. Tsohuwar sensar baƙin man da aka cire kada a yar da ita, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, a ajiye ta a akwatin kayan aiki. In Allah ya kai mu Asabar ta sama zan zo Buoho da kaina da laftof bayan sallar azahar, kuma Mumuni, in mai gidanka ya ba ka izini, ka same ni a shago mu tafi tare ka auna om 60 ɗin da hannunka.